Ba Bakinki Ba Ne, Uwani

Yelwan Yawuri, gefen ruwa.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Sani. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Birnin Kebbi lafiya, mota ba ta ba ku wahala tsakanin Koko da Jega ba, kuma gidan da aka ba shi ya karɓe ku. Allah ya sa da maƙwabta nagari a gefenku, ya tsare ku daga ciwo da sharrin hanya da na mutum.

Na ba Malam Sani takardar nan na ce kada ya miƙa miki sai kun sauke kaya kin huta. Kin san halina. In na zauna gabanki da niyyar magana mai nauyi, sai ki ji na kama zancen albasa da na kifi har lokacin salla ya yi, mu tashi ban ce komai ba. Alƙalami bai san kunya ba, shi ya sa na ɗauke shi. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi, kin san yadda yake. Magana ɗaya ce gare ni, sai dai zan bi ta lambu kafin in iso gare ta, domin ita ce hanyar da na sani.

Innarki ta gaya mini abin da kika faɗa mata ranar da kuke ɗaure kaya. Kin ce bakinki ne ya kashe ɗanki Haruna. Ta same ni a bakin rijiya tana faɗa tana share ido da gefen zane. Ni ban yi mamaki ba, domin na daɗe da sanin abin da ke cin ki. Ina wurin ranar da abin ya faru, ke ce ba ki gan ni ba, ina bayan zogale ina gyara igiyar guga. Lokacin Malam Sani ya riga ya yi gaba neman muhalli tunda aka raba mu da jihar Sakkwato aka mai da aikinsa Birnin Kebbi, ke da yaron kuna wurinmu. Da safe kin yi dashen alayyafo a fangalinki, kin ba shi ruwa, kin shiga gida. Rana ta take, zafin bazara ya kai inda ko akuya ba ta son motsi. Haruna ya bi ta ɓular danga ya shiga, ya ga laka mai sanyi, ya yi abin da kowane ɗan shekara uku zai yi. Ya tattake dashen kaf, ya zauna a tsakiya yana dariya. Kika fito kika gani, kika ce, "Kai dai Haruna, Allah ya raba ni da wahalarka." Mako bai zagayo ba sanƙarau ya kama shi, muka kai shi asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan nake kallon ki. Kina salla, ba ki taɓa bari ba, amma kina sallamewa sai ki naɗe tabarma ki tashi, hannunki bai ɗagu ba. Mai tafiya ya yi miki sallama, ba ki ce masa Allah ya kiyaye. Innarki ta ce Allah ya kai mu gobe, sai ki sunkuyar da kai. Lambu kuwa ko ƙofarsa ba ki ƙara kallo ba. Kin ɗaure bakinki kamar bakin buhu, kina tsoron duk abin da ya fito zai faɗa kan wani. Ga shi innarki ta raɗa mini cewa ba ke kaɗai za ki hau motar nan ba. To, wanda ke tafe yana buƙatar uwa mai yi masa magana, mai sa masa albarka, har ma mai yi masa faɗa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Bari in ba ki labarin wauta tawa ta farko, wadda ba ki sani ba domin kina goye aka yi ta.

Mu a gungu aka haife mu, tsakiyar kogi, kafin a datse ruwa a Kainji. Kogin nan mun san shi kamar yadda kika san ɗakin innarki. Farin ruwa ya zo da damina ya cika, ya kai iyakarsa, ya koma. Baƙin ruwa ya biyo baya lokacin sanyi, shi bai kai tsawon na farko ba. Kowane yaro ya san inda kowannensu ke tsayawa. Da farin ruwa ya fara ja da baya sai mu bi shi da fangula, mu zuba irin albasa, mu bar wa baƙin ruwa wurinsa. Rani ya yi, kogi ya sauka, amma yana nan ƙarƙashin gaɓa, ka miƙa masaki ka ɗebo. Haka ubana ya yi, haka ubansa, ba wanda ya taɓa tambaya ko gobe zai canza.

Da aka tashe mu aka kawo mu tudu, na ce ai ruwa ruwa ne. Shekarar farko na jira lokacin da farin ruwa ya saba komawa, na sauka bakin tafki na yi fangulana, na zuba irin da na taho da shi daga gungu. Ya tsiro da kyau, har mutane na tsayawa kallo. Ruwa bai koma ba. Kullum na zo sai in ga ya matso, ina ce wa kaina gobe zai juya. Bai juya ba, ya hau fangulan nan ɗaya bayan ɗaya ina tsaye ina kallo, har sai da kan albasar ya ɓace. Shekara ta biyu na ce na yi wayo, na jira har sanyi ya wuce, na ga ruwa ya tsaya, na dasa tattasai da kuɓewa daf da shi. Bazara na shigowa sai ruwan ya kama gudu. Gaɓar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba irin ta kogi ba, in ruwa ya sauka kamu ɗaya sai ya yi nisan da za ka gaji kafin ka cim masa. Na riƙa jido da tulu ina kutsawa cikin taɓo har gwiwa, abin da zan kawo bai jiƙa fangali ɗaya ba. Duk suka bushe.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi na shukar. Na zauna na haɗa lissafi ni kaɗai. Ranar da aka kwashe mu daga gungu, ina ta fama da itacen rumfa da tukwanen iri da ku, jirgi na jira, ban je kan kabarin ubana na yi masa addu'ar bankwana ba. Na ce zan dawo, ban dawo ba har ruwa ya rufe wurin. To sai na ce wannan ne. Ruwa ya ci na farko, ya guje wa na biyu, ai alhakin uba ne ke bi na, Allah ya yi fushi da hannuna. Ban gaya wa kowa ba. Na rataye fartanyar lambu, rani biyu ban dasa ko tushe ɗaya ba. Innarki ta tambaye ni, na ce bayana ke ciwo. Miyar kuka muka sha har ta fita ranmu, ke kuma kina ta ƙurajen baki don rashin ɗanyen ganye.

Wata ranar kasuwa na haɗu da Ɗanjuma, wani abokina Bakambare daga wajen Ngaski. Kirista ne, tare muka yi ƙuruciyar tallan albasa, daga baya ya tafi aikin lebura a wurin datsiyar. Muna zaune yana cin rogo, ya ce ina albasar bana. Ban san abin da ya buɗe bakina ba, na kwashe duka na gaya masa, har zancen kabari. Ya dube ni ya ajiye rogon.

Ya ce, "Mamman, ƙofa ce fa."

Na ce, "Ƙofar mi?"

Ya ce, "Ƙofofi ne ga bangon. In suna son tara ruwa su rufe, shi ne ka ga ya hau. In rani ya yi suna son wutar lantarki, su riƙa saki, shi ne ka ga ya gudu. Ni da idona nake ganin mai murɗa abin, wani gajere ne mai son goro. Bai san ka ba, bai san babanka ba."

Kina tsammanin daɗi na ji? Haushi na ji, wallahi, kamar in mare shi. Rani biyu ina ɗauke da fushin Allah a kaina, ashe wani gajere ne mai son goro. Na dawo gida ban ci tuwo ba. Washegari bayan azahar na tsaya wurin Liman na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, na ce masa to yanzu ina Allah a cikin wannan magana, tunda mutum ne ke buɗe ruwa yana rufewa. Ya ce Allah na cikinta daga farko har ƙarshe, shi ya yi ruwan, shi ya yi mai murɗawar, shi ya ƙaddara albasata ba za ta kai ba. Sannan ya ce, "Amma kai Mamman, wa ya naɗa ka mai fassara nufinsa? An yi maka hasara, gaskiya ne. Dalilin hasarar kuwa kai ka ƙirƙiro shi, ka jingina wa Ubangiji, ka zauna kana bauta wa abin da ka ƙirƙira. Je ka yi wa babanka addu'a daga inda kake, tana isa, ka koma ga aikinka."

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, mutum in ya yi rashi yana neman dalili kamar mai jin ƙishirwa, kuma dalilin da ya fi kusa da hannu shi ne laifin kansa. Abu biyu su faru a jere, sai ya ɗaura su da igiya ya ce wannan ne ya haifi wancan. Na bar kabari, ruwa ya ci albasa. Kin yi magana, yaro ya kwanta. Jeruwa dai sun jeru, amma ba ke kika ga igiyar ba, ke kika saƙa ta. Sanƙarau ya shiga unguwar nan tun kafin ki buɗe baki, ya ɗauki yara a gidajen da ba a ce musu ko kanzil ba, har da jikar Liman na yanzu wadda ake tofa wa addu'a safe da yamma.

Lambun bayan gida da kika tashi kika gani, ba ni na fara shi ba. A cikin rani biyun da nake zaman makokin kaina, innarki ta gaji da jira. Ta tona wuri kaɗan inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta watsa alayyafo da rama, ta kewaye da ƙaya. Ina wucewa ina kau da kai. Da na dawo hayyacina sai na haƙa rijiya a gefen, na yi danga, muka faɗaɗa. Har yau in muka yi faɗa sai ta tuna mini cewa ita ta ci da gidan nan da ruwan kwanoni lokacin da nake ciwon bayan ƙarya.

A wannan lambun na yi wauta ta biyu. Bazarar farko, na fito da tsakar rana na ga ganyen kuɓewa da na kabewa duk sun langaɓe kamar tsumma. Na ce za a sake irin ta bakin tafki. Na kama guga na yi ta zuba musu ruwa a cikin ranar nan. Gobe ma haka, jibi ma haka, ga na safe ga na yamma ga na rana. Ƙasa ta kasa shan iska, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya. Na tuge ɗaya na sansana, wari. Innarki ta ce, "Kai da aka haifa cikin lambu?" Gaskiyarta, na sani sarai, tsoro ne ya mantar da ni. A gungu ubana bai taɓa barin mu duba shuka da rana tsaka ba. Ganye na sunkuyawa ne don ya rage wa kansa zafi, ba mutuwa yake ba. In kina son sanin gaskiyar shuka, ki je da sassafe. Wadda ta miƙe da safe lafiyarta lau, wadda ta kwana a langaɓe ita ce mai son ruwa. Ki tura yatsa cikin ƙasa ma kafin ki zuba.

Ke yanzu rana tsaka kike, Uwani. Duk hukuncin da kika yanke wa kanki a wannan lokaci, na mai tsoro ne, kada ki sa masa hannu. Ba na ce ki daina kuka ba. Ni ma ina yi, a bayan zogale, inda innarki ba ta gani. Haruna abokina ne fa, shi ke riƙe mini igiya yana cewa shi ke jan ruwan. Kuma kada wani ya zo miki da zancen cewa shuka in ta mutu ana sake dasa wata. Na ji wata tsohuwa ta faɗa miki haka ranar zaman makoki, na so in kore ta. Ɗa ba albasa ba ne. Wanda ke tafe ba zai cike gurbin Haruna ba, nasa wurin daban zai zo da shi.

Wauta ta uku a kanki na yi ta, kuma ita ta fi damuna. Na ji maganar da kika yi, na ga yadda kika koma bayan rasuwar, na gane inda hankalinki ya tafi tun a makon farko. Sai na ce in na taɓa wurin zan fama miki, gara in yi shiru, lokaci zai wanke. Abin da na iya kawai shi ne in ce ki yi haƙuri, kamar kowane baƙo mai zuwa gaisuwa. Na riƙa ba fangalinki ruwa ina cire masa ciyawa, wai ko za ki leƙo ki ga ya farfaɗo ki ji sanyi. Ni da na san abin da shiru ya yi mini rani biyu, na bar ki a cikinsa wata da watanni. Da Ɗanjuma ya yi mini irin kawaicin da na yi miki, da har yau fartanyata na rataye. Ki yafe mini. Kuma ki riƙe wannan a gidanki: in kin ga Malam Sani ya shiga wani hali, ko wani naki, kada ki ce kunya. Ki zauna ki tambaya, ko da zai ji haushi. Shi ma fa ɗansa ne ya rasu, kuma bai samu ganin fitar ransa ba, yana can yana neman muku ɗaki. Ban sani ba ko shi ma yana da tasa igiyar da yake saƙawa.

In kuwa lissafin laifi za a yi, to a fara da ni. Ɓular dangar nan da ya bi, innarki ta yi mini maganarta ya fi a ƙirga, ina cewa gobe. Da na toshe ta, da bai shiga ba, da ba ki yi maganar ba. Kin ga ke nan sai a ce ni ne. Daga ni sai a koma kan akuyar da ta huda dangar, daga ita sai mai akuyar. Wannan hanya ba ta da ƙarshe, kuma duk wanda ya bi ta bai dawo da kowa daga kabari ba.

Yanzu ga abin da nake so ki yi a can. A ƙasan buhun gero na sa miki ƙullin tsumma, da irin alayyafo da rama da lalo da kuɓewa. Ba magani ba ne, miya ce. An ce mini ƙasar Birnin Kebbi rairayi ce, kuma zafinta ya fi namu, ba ku da tafki kusa da zai sanyaya iska. To kada ki ta da kunya mai tudu irin ta gona, ruwa zai zurare ya bar ki. Ki yi fangali mai zurfi kaɗan, ƙarami, wanda za ki iya ba shi ruwa ko ranar da famfo ya ƙi. Gara ɗaya mai rai da huɗu masu wahala. Ki zaɓi gefen da katanga ke yi wa inuwa da yamma, domin ranar la'asar ta fi ta safe mugunta. Taki kuwa ki nemi kashin awaki wanda ya kwana biyu ya yi baƙi ya huce. Ɗanye yana ƙone saiwa, na taɓa kashe tumatir da shi don gaggawa. Ki cuɗa shi da ƙasa, ki jiƙa, ki bar shi ya kwana kafin ki zuba iri.

In ya tsiro, ki rufe ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, zai riƙe miki laima. Amma ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara. Ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar, a gindi, ba a ka ba. Ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye kwano duk suna yi, ban da mai sabulu da yawa. Dashe kuwa da yamma ake yi, ba da safe ba, don shukar ta samu sanyin kwana kafin rana ta same ta. Wannan na sha gaya miki kina cewa kin ji. In tsutsa ta sauka, ki jiƙa ganyen dogonyaro ki yayyafa, ki barbaɗa toka. Alayyafo kada ki tuge shi, ki riƙa yankan kai, zai yi rassa ya daɗe yana ba ki. Kuɓewa ɗaya ko biyu ki bar su su bushe a jiki don iri. In ya yi yawa ki miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. A garin da ba ki da kowa, ɗanyen ganye a bazara yana buɗe ƙofar da sallama ba ta buɗe ba. Kuma ki yi danga, ki toshe ɓula ranar da kika gan ta.

Za ki yi duk wannan daidai, wani fangalin ya ƙi. Za ki yi sakaci da wani, ya yi kyau har ki ji kunya. Shekaruna a lambu abin da suka koya mini game da Ubangiji ke nan. Aiki nawa ne, ba a yafe mini shi ba, in ban ba da ruwa ba ba abin da zai tsiro. Amma ban taɓa sa ƙwaya ta tsage ba, ban san ma lokacin da take yi ba. Nawa ya tsaya a guga. Wanda ya ce komai a hannunsa yake, in abu ya yi kyau zai yi girman kai, in ya lalace zai kashe kansa da zargi, kuma duka biyun ɗaukar wa kai matsayin da ba nasa ba ne. Ke kina ganin tawali'u ne da kika ce ke kika kashe shi. Ni ina ganin kin ba bakinki ikon da Allah bai ba kowa ba. Rai da ajali ba su taɓa zama a hannun uwa ba, da suna hannunta da ba a binne yaro ko ɗaya ba a duniya.

Na san abin da za ki ce, domin na san abin da ake karantarwa. Malamai suna gargaɗi a kan bakin uwa, suna cewa a kiyaye harshe a kan 'ya'ya. Ban ƙaryata su ba, gargaɗi ne mai kyau, ki riƙe shi don gaba. Maganar da kika yi ba ta da kyau, ki nemi gafara a kanta kamar yadda ake nema a kan kowace ɓatacciyar magana, shi ke nan. Amma gargaɗi daban, hukunci daban, kuma ba a ba ki kujerar alƙali ba. Wanda ake roƙo ya san abin da ke cikin ƙirji, ba ya kama mutum da santsin harshe kamar ɗan sandan kan hanya. Uwata, wadda kike ɗauke da sunanta, mace ce mai zafi. In na ɓata mata rai a gungu, da Gunganci take ce mini ruwa ya ci ni, wani lokaci tun ban karya kumallo ba. A kan ruwa na girma, jirgi ya kife da ni ba sau ɗaya ba, ga ni nan da furfura ina rubuta miki takarda. Ita ce kuma in na yi zazzaɓi ba ta runtsawa.

Akwai kuma abin da kika manta, ni ban manta ba domin ina kallo. Bayan kin faɗi maganar, kin tsallaka cikin lakar kin ɗauke shi. Kin kawo shi bakin rijiya kin wanke masa ƙafafu da ciki, yana ta wutsil-wutsil. Ya shafa miki laka a kumatu, kika yi dariya ba ki so ba, kika ce, "Ja'iri, Allah ya raya mini kai." Da kunnena na ji. Tun ranar da aka haife shi kike faɗin irin wannan, a goye, a kan cinya, a wurin wanka. To gaya mini, wane irin zato kike yi wa Ubangijinki, da zai bar duk waɗannan ya tsinci guda ɗaya da kika faɗa cikin zafin rana da gajiya? Ko ni da nake mutum mai fushi ba zan yi miki haka ba.

Allah ya jiƙan Haruna, ya sa mai ceto ne. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba Malam Sani haƙuri da sa'ar aiki, ya tsare shigarku da fitarku a garin da ba ku saba ba. Innarki na gaishe ku, ta ce kada ki ɗaga abu mai nauyi.

Saura roƙo ɗaya. Rijiyar lambu ta ja ƙasa, guga na dawowa da yashi, dole a shiga a yashe ta. Ba wanda ya san cikinta sai ni, kuma gwiwoyina ba kamar da ba, gefenta na gabas ma yana zubowa. Innarki ta ce in nemi Liman ya yi mini addu'a kafin in sauka. Na ce a'a, ta Uwani nake so. Ki idar da salla, ki zauna, ki ɗaga hannu, ki ce Allah ya fito da babana lafiya, da ƙarfi yadda kunnenki zai ji. Da ina tsoron bakin nan, da ban sa wuyana a ƙarƙashinsa ba. Masu motar kifi na zuwa nan kullum, ki ba ɗayansu saƙo ya kawo mini, ko da cewa kin yi ne kawai. Na gaya wa innarki ba zan taka cikin rijiyar ba sai saƙon ya iso, ta ce taurin kaina zai kashe mata kuɓewa. To kuɓewar dai tana jira, ni ma ina jira.

Wassalam.

Babanki,
Mamman